Hisabi da Agogo: Daga Inuwar Ladan a Ƙasar Gwandu zuwa Na'urar Lissafi Mai Zane

Mungadi gari ne a ƙasar Maiyama, maƙwabciyar Jega, cikin masarautar Gwandu, watau cikin Jihar Kebbi wadda aka yanko daga Jihar Sakkwato a 1991. Duk wanda ya kafa sanda a fili a wannan yanki cikin watan Fabrairu, ya dubi agogonsa da ƙarfe 12 daidai, zai tarar inuwar sandan tana nan karkace wajen yamma, rana ba ta kai tsaka ba, da sauran kusan sa'a guda. Agogon kuwa lafiyarsa lau. Abin da ke akwai shi ne, lokacin da agogo ke faɗi dabam ya ke da lokacin da rana ke nunawa a wannan ƙasa, ba a kuwa iya fita daga ɗaya a shiga ɗaya sai da hisabi. Wannan takarda za ta bi tarihin yadda hisabi da agogo suka sadu, da fari a hannun malaman ƙasar Gwandu, daga baya kuma a cikin 'yar na'urar nan ta lissafi mai zane, wadda a ke buga wa ƙa'idar lissafi ta zana siffarta a fuskarta. Shekara da shekaru wannan na'ura tana warware lissafin da ke gagarar ɗalibi, amma in an tambaye ta ƙarfe nawa sai ta yi tsit, har ranar da aka dasa mata agogo.

Kalmomin da Hausawa ke faɗin lokaci da su, su kansu tarihi ne. Mafiya tsufa su ne na sassan yini: asuba, da hantsi, da walaha, da azahar, da la'asar, da magariba ko almuru kamar yadda mutanen yamma ke cewa, da lisha. Yawancinsu daga Larabci su ke, tare da salla suka shigo, ba kuwa ɗayansu da ke da tsawo ƙayyadadde. Sa'a ma Balarabiya ce, amma a dā ma'anarta ta fi karkata ga lokaci mai kyau ko marar kyau, irin wanda malami ke duba wa matafiyi ko mai ɗaurin aure. Agogo kalmar Yarbanci ce, ma'anarta ƙararrawa, ta kudu ta biyo. Ƙarfe shi ya fi ban sha'awa, domin yana nuna da kunne Bahaushe ya fara sanin awoyi, sa'ad da a ke buga guntun ƙarfe a bariki da makaranta. Bugu biyu, ƙarfe biyu. Daƙiƙa a Larabci ita ce kashi ɗaya cikin 60 na sa'a, amma da minti ya zo daga Turanci ya zauna a gurbinta, sai aka tura ta ƙasa, galibi ta koma sunan kashi ɗaya cikin 60 na minti. Da wannan ma'ana ta biyu aka yi amfani da ita a nan.

Hisabi ya riga agogo zuwa da nisa. A kasuwar Jega, wadda ta bunƙasa bayan Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin wajen 1820, fatake suna ƙidayar wuri keso-keso, kowane keso wuri 20,000, ba su taɓa neman sanin ƙarfe nawa ba. Ranar kasuwa da ranar tashin ayari sun ishe su. A zauren malamai kuma akwai hisabin haruffa, wanda da shi mawallafa ke ɗaure shekarar da suka gama waƙa cikin kalma guda, watau ramzi. Akwai hisabin gado, akwai na hatimi. A wannan na ƙarshe har an yi Bakatsinen da ya shahara a Masar, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya wallafa littafi kan jera lambobi cikin gidajen hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741, yana baƙon Shaihu Hasan al-Jabarti. Amma reshen da ya shafi wannan magana shi ne sanin lokutan salla da kwanakin shekara, wanda Larabawa ke kira ilmin miƙati.

Agogon ladan na farko jikinsa ne. Littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, a kan inuwa suka ɗora lokutan sallolin rana. Azahar na shiga in rana ta gota tsakiyar sama, inuwa ta daina raguwa ta soma ƙaruwa. La'asar kuwa in inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da 'yar inuwar da ta rage masa da tsakar rana. Malaman miƙati suka ƙaddara tsawon mutum ƙafa bakwai ne da ƙafarsa. Saboda haka mutum ya kan tsaya a daidaitaccen wuri, ya lura da inda inuwar kansa ta tsaya, ya taka dunduniya bin yatsa har can, yana ƙidayawa.

Wahalar duka tana ga inuwar nan ta tsakar rana, domin kullum sakewa ta ke. Jega da kewayenta suna bisa daraja, watau digiri, 12 da ɗan ɗori arewa da tsakiyar duniya. A nan inuwar mutum da tsakar rana ta kan kai ƙafa biyar a ƙarshen Disamba, tana fuskantar arewa. Daga nan ta yi ta raguwa, har wajen 22 ga Afrilu rana ta tsaya bisa ka sosai, mutum ya take inuwarsa. Sa'an nan inuwar ta juya kudu, ta kai kusan ƙafa ɗaya da rabi a ƙarshen Yuni, ta komo ta sake ɓacewa wajen 21 ga Agusta. Wannan juyi ba ya faruwa a Maroko, inda littattafan miƙati da a ke karantawa a ƙasashen nan suka fi fitowa, kamar al-Muƙni'u na Muhammadu ɗan Sa'idu al-Mirgiti, mutumin Sus, wanda ya rasu a 1678. A Marakish inuwar Disamba ƙafa goma ce, ba ta kuwa taɓa juyawa kudu. Jadawalin ƙafafun da aka tsara domin can, in an bi shi ido rufe a Gwandu, sai a yi la'asar a makare duk hunturu. Ladanin da ya san aikinsa tilas ne ya gwada, ya gyara da ƙafarsa.

Kwanakin shekara kuwa da taurari a ke riƙe su. An kasa hanyar rana cikin sama masauki 28, kowane masauki da tauraronsa, rana na kwana 13 a kowanne, sai Jabaha kaɗai da ke da 14. In an buga 27 sau 13 a sami 351, a ƙara 14 ya zama 365. Bakwai-bakwai aka raba su ga bazara, da damina, da kaka, da hunturu. Surayya, wadda Hausawa ke kira kaza da 'ya'yanta, tana cikin na ƙarshen bazara. Haƙ'a da Han'a da Zira'a su ke buɗe damina. Sarfa ke buɗe kaka. Manomin gero a tudu da manomin shinkafa a fadama su kan tambayi malami wane tauraro a ke ciki, domin watan Musulunci ba ya amsa wannan tambaya. Shekararsa kwana 354 ce, tana zagaya damina da rani.

Abin lura a nan shi ne, ba kullum malami ke samun ganin sama ba. Da damina gajimare kan rufe ta kwana da kwanaki, da hunturu kuma hazo. Ƙidaya ya ke yi, kwana ɗaya bayan ɗaya, bisa watannin ajami, watau Yanayir, Fabarayir, Maris, har zuwa Dujambar. In jinya ko tafiya ta sa ƙidayar ta kuɓuce masa, sai ya nemi wani malami ya daidaita da shi. To, ƙidayar nan da ba a yanke ta, ita ce ainihin aikin agogo. Fuska da hannuwa da ƙararrawa duk daga baya su ke.

Watannin ajami suna da wani aibi ɓoyayye. Asalinsu kalandar Rumawa ce, wadda Yuliyas Kaisar ya kafa shekara 45 kafin haihuwar Annabi Isa, ta biyo ta Afirka ta Arewa ta iso nan. Ita ta ɗauki shekara kwana 365 da rubu'i cif, tana ƙara kwana guda kowace shekara huɗu. Shekarar rana ta gaskiya kuwa ta kasa haka da minti 11 da 'yan daƙiƙoƙi. Mutum ba ya jin minti 11 a jikinsa, amma cikin shekara 128 sun tara kwana ɗaya. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya sa aka tsallake kwana 10, aka kuma gyara ƙa'idar. Gyaran bai shiga littattafan miƙati ba. Shi ya sa tun daga 1901 ɗaya ga Yanayir ta ajami ke faɗawa ranar 14 ga Janairu ta Bature. Mai karatu ya riƙe adadin nan na minti 11, zai sake gamuwa da shi.

Shugabannin jihadi ba baƙin wannan ilmi ba ne. Da Kyaftin Kilafatan ya iso Sakkwato a 1824 ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama, ya kuma rubuta cewa Bello ya san burujai duka, da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Da ya komo a 1826 ya kawo masa littafin Uƙlidisu na handasa cikin Larabci, Bello ya gaya masa dā ma gidansu suna da shi, gobara ce ta cinye. Abin da babu a Sakkwato da Gwandu zamanin Bello da baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, shi ne bukatar garuruwa biyu su yarda da sa'a guda. Kowane gari da azaharsa. Matafiyin da ya taso daga Kukawa zuwa Jega makonni ya ke yi a hanya, bambancin nan na fiye da rabin sa'a da ke tsakanin ranar Barno da ta Gwandu ya narke cikin tafiyar bai ko sani ba.

Wayar tangaraho da jirgin ƙasa su suka kawo bukatar. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, bayan yaƙin Satiru na 1906 kuma fadar Gwandu ta koma Birnin Kebbi. A waɗannan shekaru gwamnatin Ikko ita kanta ba ta tsaya kan lokaci ɗaya ba. A 1905 ta ɗauki agogon Girinwic na Ingila. A 1908 ta koma ga ranar Ikko, wadda ke gaban Girinwic da minti 13 da daƙiƙa 35. Ranar 1 ga Janairu 1914, da aka gama Kudu da Arewa, aka tsai da rabin sa'a gaban Girinwic, wanda ya yi kusan daidai da ranar Kaduna. Wannan shi ya fi adalci ga ƙasa duka, amma bai daɗe ba. Ranar 1 ga Satumba 1919 aka mai da shi sa'a guda cif, a kansa a ke har yanzu. Sa'a guda gaban Girinwic ita ce ranar layin daraja 15 gabas, layin da bai ko taɓa ƙasar Nijeriya ba, ta wajen Injamena ya ratsa, a Cadi. Jega kuwa tana bisa daraja 4 da sulusi da ɗan ɗori, rana kuma minti 4 ta ke ci kafin ta ƙetare kowace daraja. Ke nan agogon Nijeriya yana gaban ranar Jega da Mungadi da wajen minti 42. Ban da wannan, ita kanta rana ba ta tafiya bai ɗaya cikin shekara, saboda karkatar duniya da kuma siffar hanyarta: ta kan yi gaggawar minti 16 a farkon Nuwamba, ta yi nawar minti 14 a tsakiyar Fabrairu. Saboda haka tsakar rana a wannan yanki tana yawo tsakanin ƙarfe 12 da minti 26 da kuma ƙarfe 1 saura minti 3.

Dogo bai iso ƙasar Gwandu ba, a Ƙaura Namoda ya tsaya a 1929. Ta ofis da makaranta da kotu agogon gwamnati ya shigo, daga baya rediyo ya kai shi kowane zaure, musamman bayan BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Mai agogon hannu ya sami inda zai saita nasa.

To, a ajiye ƙasar Gwandu tukuna, a duba yadda na'urar lissafi ta sami nata agogon. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Piyar da Jak Kuri, suka gano cewa in an matsa ƙanƙarar dutsen nan da a ke kira kwaz sai ta fid da lantarki; ba da daɗewa ba aka tabbatar in an sa mata lantarki ita kuma sai ta motsa. A 1927 aka ƙera agogon kwaz na farko a Amurka, babban abu na ɗakin bincike. Sai ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fid da na ɗaurawa a hannu. Ƙanƙarar da ke cikin yawancin agogon zamani an yanka ta ne ta riƙa kaɗawa sau 32,768 cikin daƙiƙa guda. Ba da ka aka zaɓi adadin ba. In an raba shi biyu, a sake raba rabin biyu, har sau 15, ɗaya ke saura, raba biyu kuwa shi ne aiki mafi sauƙi ga na'ura.

Mai karatu zai ce, ai kowace na'urar lissafi tana da abin da ke yi mata kiɗa a ciki, tana aiki bisa bugunsa kamar 'yan gayya da makaɗinsu. Me ya hana ta ƙidaya bugun ta san lokaci? Abu biyu suka hana. Na farko, kiɗan ba daidai ya ke ba, yana sauri ko nawa bisa ga zafi da ƙarfin batir, ba wanda ya damu kuwa, tun da amsar lissafi ɗaya ce ko an same ta da wuri ko a makare. An ga misalin wannan a HP-45 ta kamfanin Hewlett-Packard, ta 1973, wadda masu ita suka gano akwai agogon ƙidaya ɓoye a cikinta in an danna wasu maɓallai tare. Ba shi da ƙanƙara, ba a iya dogara da shi, kamfanin bai kuwa ambace shi ba. Sai a HP-55 ta 1975 aka sa ƙanƙarar, aka bayyana shi. Na biyu, in an kashe na'ura ƙwaƙwalwarta barci ta ke yi, ƙidaya ta yanke. Haka kwamfutar IBM ta 1981 ta ke: duk sa'ad da aka kunna ta sai ta tambayi kwanan wata da lokaci, in an ƙyale ta ta ɗauka ranar 1 ga Janairu 1980 ce. Sai a 1984 aka dasa wa ƙanwarta wata 'yar ƙwaya ta dabam, da ƙanƙararta da batirinta, ba ta da aiki sai ƙidayar daƙiƙoƙi dare da rana, kamar malamin nan da ba ya tsallake kwana.

Na'urar lissafi mai zane ta farko ita ce Casio fx-7000G, ta 1985, ba ta da agogo. Hewlett-Packard, wanda tun farkon shekarun 1980 ya ke sayar da ɗan agogon da a ke cusawa a jikin na'urarsa HP-41C, ya gina shi cikin HP 48SX a 1990, har da ƙararrawar tuni. Amma wannan ta injiniyoyi ce, da tsada. Waɗanda suka cika makarantun Amurka na kamfanin Texas Instruments ne, a zuriyarsu kuwa, daga TI-81 ta 1990 zuwa TI-83 Plus ta 1999, ba wadda ta san ƙarfe nawa. TI-84 Plus ta 2004 ita ta zo da agogo. Yadda ya ke aiki abin dubawa ne. Bai san wata ba, bai san shekara ba, daƙiƙoƙi kaɗai ya ke tarawa tun daga farkon ranar 1 ga Janairu 1997, na'urar ce ke raba jimlar da hisabi ta fid da kwanan wata. Ma'ajin ƙidayar na ɗaukar daƙiƙa 4,294,967,296, watau shekara 136, sa'an nan ya cika. Kowace ƙidaya sai an yanka mata mafari, kamar yadda sahabbai zamanin Halifa Umaru suka zaɓi shekarar Hijira, sai dai 1997 ba ta tuna wa kowa kome.

Mai tsohuwar na'ura da ke son agogo ba lalle ne ya sayi sabuwa ba. A gindin TI-83 Plus akwai 'yar kafa da aka yi domin haɗa na'ura biyu su yi musayar abin da ke cikinsu. Waya uku ke shiga cikinta, biyu na saƙo, ɗaya ta ƙasa. Aka yi dace, tun 1982 kamfanin Philips ya tsara wata hanya wadda ƙananan ƙwayoyin lantarki ke magana da juna da waya biyu tak, ɗaya na kiɗa, ɗaya na ɗaukar saƙo. Akwai kuma ƙwayar agogo mai jin wannan magana, DS1307 ta kamfanin Dallas, mai ƙafa takwas, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. A haɗa ta da ƙanƙara da batir mai kamar kwabo, a ba ta wutar bolt 5 daga waje domin kafar ba ta bayarwa, a rubuta wa na'urar ɗan umarnin da zai riƙa ɗaga wayoyin nan biyu yana saukewa bisa ƙa'ida, shi ke nan ta sami mai gaya mata lokaci. In an ɗauke wutar waje ƙwayar ba ta magana, amma ba ta daina ƙidaya. Abin da ta ke sha ɗan kaɗan ne ƙwarai, har ƙaramin batir na iya riƙe ta fiye da shekara 10.

Nan ne minti 11 ke komowa. Ƙanƙarar kasuwa, irin da a ke sa wa wannan ƙwaya, an yarda mata kuskuren kashi 20 cikin miliyan. Shekara tana da daƙiƙa miliyan 31 da rabi. Kashi 20 cikin miliyan na wannan ya tashi minti 10 da rabi. Watau ƙanƙarar da ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, da kalandar Kaisar mai shekara dubu biyu, gwargwadon kuskurensu kusan ɗaya ne. Ga kuma zafi. An yanka ƙanƙarar ne ta yi daidai a zafi mai daraja 25, in ya hau ko ya sauka nawa ta ke yi, ba ta taɓa sauri. A daraja 40, wadda ba abin mamaki ba ce a Maiyama cikin Maris da Afrilu, asararta ta kai gwargwadon sulusi biyu na daƙiƙa a kwana. In an bar ta cikin mota ko ƙarƙashin kwano zafi ya kai 45, asarar ta haura daƙiƙa guda. Akwai wata ƙwaya da ta fi ta tsada, DS3231, mai auna zafi ta gyara kanta, kuskurenta wajen minti ɗaya ne a shekara, amma alkawarin nan nata daga daraja 0 zuwa 40 ya tsaya, iyakar da bazarar Kebbi ke ƙetarewa. Har wa yau DS1307 lambobi biyu na ƙarshen shekara kaɗai ta ke riƙewa, tana ba Fabrairu kwana 29 kowace shekara huɗu ba togiya. Wannan ƙa'idar watannin ajami ce sak. Ta ci sa'a 2000 shekara ce mai ƙari a wajen Kaisar da Giregori duka. 2100 ba haka ta ke ba, maƙeranta ma sun faɗa iyakarta ke nan.

Na'urar lissafi mai zane ba ta yawaita a makarantun Kebbi ba. Tana da tsada, hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma kuma ba ta yarda a shiga ɗakin jarrabawa da na'urar da a ke rubuta wa umarni ba. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, ita ta zama agogon talaka da kalkuletarsa. Amma ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, in ya zauna zai dasa agogo a na'ura, ko zai ƙera allon lokutan salla irin wanda a ke ratayawa a masallatai, da tambayoyin ladanin dā zai gamu. Ƙwayar agogo lokacin daraja 15 za ta ba shi, shi ma muddin an saita ta, a kan kuma koma a gyara ta da rediyo ko waya. Kafin na'ura ta ce azahar ta yi a Mungadi, sai ya ba ta matsayin garin gabas da arewa, ya koya mata ta ƙara minti 42, ta cire gaggawar rana ko ta ƙara nawarta ta wannan kwana, ta lissafa inuwar tsakar rana ta ɗora mata ƙafa bakwai domin la'asar. Wannan kuwa aikin na'ura mai zane ne sosai, domin in an ba ta ƙa'idar za ta zana yadda azahar ke hawa da sauka cikin shekara, tudu biyu, kwari biyu. In an ƙi wahalar hisabin, aka ɗauko jadawalin da aka buga domin Kano aka rataya a Jega ba gyara, za a kira magariba wajen minti 16 kafin rana ta faɗi, domin Kano na gabas da daraja 4 da ɗan ɗori. Cikin azumi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya sha ruwa a kan wannan kira, ramuwa ta hau kansa.

Kwanan wata na Hijira shi ne ba a iya dasa shi a ƙwaya. Na'ura na iya lissafa daren da zai yiwu a ga jinjirin wata, amma a Mungadi, kamar sauran ƙasar Gwandu, ɗaya ga Ramalana ba ta tabbata sai an ga wata, shaidu sun kai wa hakimi, hakimi ya kai wa sarki, Sarkin Musulmi ya yi sanarwa daga Sakkwato. A daren nan mai kula da allon masallaci ya kan tashi ya danna maɓalli da hannunsa, ya ƙara wa kwanan watan ɗaya ko ya rage.